Kwana Arba'in na Takardar Taubashina

Tun ina yaro bakina ya fi kaina gudu, kuma a Bodinga babu wanda bai san haka ba. Babana tela ne, shagonsa na bakin kasuwa, jikin rumfar wani mutumin kudu mai gyaran rediyo. A wannan rumfar na tsinci Turanci. Ba a aji na koye shi ba, zama na yi kusa da masu yin sa har ya manne mini. Daga baya wasu malamai biyu 'yan Gana suka kama ɗakin waje na gidanmu, sai abin ya ƙara gaba. Ni ke raka su kasuwa, ni ke yi musu cinikin nama, muna musun ƙwallo har makogwaro ya bushe. In ka ji ni ta bayan katanga, wallahi ba za ka ce Basakkwace ne ke magana ba.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, in aka miƙo mini littafi aka ce in karanta shafi guda in faɗi abin da ke ciki, gumi ke keto mini. Kalmomin takarda daban suke da na baki. Dogaye ne, ba sa dariya, kuma ba ka iya daga musu gira su gane abin da kake nufi. Jarrabawar Turanci ta rubutu faɗuwa na yi, faɗuwa mai kyau ma kuwa. Aikin koyarwa na same shi ne lokacin da aka buɗe firamare ko'ina ana neman malamai ido rufe, aka yi mana horon gaggawa aka watsa mu ƙauyuka. 'Yan aji biyu aka ba ni, su kuwa ba su da tambayar da za ta tona mini asiri. A gari dai sunana ya riga ya tafi, ni ne malamin da ke Turanci kamar ruwa.

Mahaifiyata 'yar Mandera ce, can ƙasar Shagari, kuma wanta yana can yana noman gero da damina, albasa da rani. Wannan kawun nawa yana ji da ni ba kaɗan ba. Ɗansa na fari sa'ana ne, taubashina ke nan, wanda al'ada ta ba ni damar in zage shi in tsokane shi a gaban kowa ba a ce na yi laifi ba. Ni kuwa na yi amfani da damar nan har na wuce gona da iri. Yaro ne mai shiru, yana da 'yar in'ina, in ransa ya tashi sai kalma ta maƙale masa. Ya yi sakandaren kwana, inda ya ce sun shekara biyu babu malamin Turanci, sai littattafai a cikin kabad. Su ya zauna ya cinye. Ya ci jarrabawar da ni na faɗi, amma in ka gaishe shi da Turanci sai ya sunkuyar da kai ya amsa da Hausa. Kawu kuma, da yake yaron ɗan farinsa ne, ko sunansa ba ya kira, balle ya yabe shi. "Wancan" yake ce masa.

Abu guda taubashina yake so a duniya, ya zama malamin gona. Tun muna ƙanana in ganyen albasa ya fara ƙuna daga baki, shi ne mai tsugunawa yana juya shi yana dubawa. Ya rubuta takardar neman shiga wata makarantar horar da malaman gona, ya je ya yi jarrabawa, ya dawo ya ci gaba da noma bai ce wa kowa komai ba. Da yake Mandera babu gidan waya, adireshin makarantarmu ya sa. Haka aka yi amsar ta faɗo hannuna, lokacin farar hula na mulki, ana tsakar girbin gero.

Da la'asar sakaliya na isa bisa keke, ambulan a aljihun gaba yadda kowa zai gan shi. Kawu na ƙofar gida bisa tabarma da dattawa uku. Aka aika aka kira taubashina daga gona, ya zo da ƙaiƙayi a kansa ya durƙusa daga gefe. Takardarsa ce, shi ya kamata ya buɗe. Amma kawu ya nuna ni da carbi.

"Kai karanta muna. Wancan sai mu kai magariba bai gama layi guda ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na farke ambulan, na gyara murya, na karanta da ƙarfi. Rabin kalmomin ban san su ba, amma wa zai gane? Inda na ci tuntuɓe sai in ƙara sauri. Abin da na iya tsamowa shi ne an ɗauke shi, kuma ana so ya je ya yi rajista, in ba haka ba a ba wani gurbinsa. Na faɗi haka da Hausa. Dattawa suka yi ta barka, kawu ya yi kamar bai ji daɗi ba alhali gemunsa har rawa yake.

"To yaushe anka ce shi tahi?"

Na koma kan takardar. Kalmar na nan zaune a layi na ƙarshe, *fortnight*. Ban taɓa jin ta a bakin mai gyaran rediyo ba, ban taɓa jin ta a bakin 'yan Gana ba. Amma kunnena ya ji abin da ya sani a cikinta. Ga foti, wato arba'in. Ga nait, wato dare. Ban ko tsaya ba na ce, "Kwana arba'in anka ba shi, Kawu."

Sai na ji murya daga gefe, can ƙasa-ƙasa.

"Ina jin sa-sati biyu na."

Taubashina ne. Bai ɗago kai ba, ƙasa yake tonawa da tsinke. Ya ce ya taɓa gamuwa da kalmar a wani littafi, kuma yana jin sati biyu take nufi.

Da ina da hankali da sai in miƙa masa takardar in ce duba da kyau. Da sai in ce bari gobe in tambaya a Bodinga. Ina! Dattawa huɗu na kallona, ga ɗan ƙauyen da ba ya iya cewa ina kwana da Turanci zai gyara mini. Jinina ya hau. Na kwaikwayi in'inarsa, na ce, "Sa-sa-sati biyu? Kai baƙauye, foti nawa na? Nait mi na na? Ko jakin Kawu ya san wanga." Sannan na juye masa Turanci, irin na rumfar rediyo, da sauri, na ce in ya isa ya amsa mini. Ya buɗe baki, kalma ta maƙale. Ya rufe.

Wasan taubasai ne a wurin kowa, aka tuntsire da dariya. Wani tsoho ya ce ashe Nasara ma sun san arba'in. Kuma gaskiya lissafin ya zauna wa kowa daidai, don mu komai namu arba'in ne. Mace ta haihu, arba'in. An yi rasuwa, arba'in. Me zai hana makaranta ta ba mutum arba'in ya kimtsa? Kawu kuwa abin ya zo masa a kan gaɓa, ga gero bai shiga rumbu ba, ga irin albasa ya kusa isa dashe. Ya ce alhamdu lillahi, wancan zai kama masa aiki kafin ya tafi, kuma kar ya sake jin wata gardama. Magana ta ƙare. Taubashina ba mai ja da ubansa ba ne, kuma ina jin shi kansa ya fara shakkar abin da ya sani. Ni ne fa mai zama da masu harshen.

Kwana goma sha shida bayan nan hedimastanmu ya kira mu ofis. Dattijo ne mai Turanci a hankali, yana ajiye kalma ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera tubali, mu matasa muna yi masa dariya a bayan ido. Ya karanta mana wata takarda daga ofishin ilimi, ana so a kai rajistar yara. Sai ga kalmar nan ta sake fitowa. Na ce, da ƙarfi kuma, ai da sauran lokaci, kwana arba'in ba yau ba.

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Malam, arba'in ɗin mi?"

Na maimaita masa lissafina na foti da nait. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya jawo ƙamus daga kan kabad, ya kaɗe shi, ya buɗe, ya ɗora yatsa, ya turo mini. Kwana goma sha huɗu. Sati biyu. Na karanta sau uku, bai canja ba. Wa'adin taubashina ya riga ya wuce da kwana biyu, shi kuwa yana can yana ɗaure damin gero.

Kuskuren kalma kowa na iya yin sa, na sha gaya wa kaina haka. Abin da ya biyo baya shi ne ba ni da inda zan ajiye shi.

Ran Asabar na ɗauki keke tun da safe da niyyar in je in faɗa. Wallahi da niyyar na fita. Duk hanya ina shirya maganar, in ce Kawu na yi kuskure, a sa shi mota yau ɗin nan, wataƙila a tausaya masa. Na same su a fadama ana gyaran fangalin albasa. Kawu na ganina ya washe baki, ya kira maƙwabcin gonarsa ya ce zo ka ga ɗan ƙanwata da nake ba ka labari, wanda Turawa ke tsoron bakinsa. Aka kawo fura. Mutumin ya ce in ɗan yi masa Turancin ya ji, na yi masa. Taubashina na can nesa da fartanya, ya ɗaga mini hannu.

Sai kawu ya ce, "Kai mai lissahi, saura kwana nawa ga wancan?"

Ga ƙofa an buɗe mini. Na dubi kwaryar fura, na dubi baƙon da ke jiran ya ji abin da malami zai ce. Na ƙirga da yatsu, don rashin kunya har da yatsu, na ce, "Saura ashirin da biyu, Kawu."

Na koma Bodinga da damin gero biyu ɗaure a bayan keke, kyautar kawu. A hanya na yi ta lallashin kaina. Na ce ai wa'adi ya riga ya wuce, faɗa ba zai dawo da shi ba. Na ce ai makarantun gwamnati ba sa bin kwanan takarda, kowa a makare yake zuwa. Na ce ɗan ƙasar Shagari ne fa, mahaifar shugaban ƙasa, a wannan zamanin wa zai kore shi? Duk ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce tun ina faɗa. Tsoro nake ji a yi mini dariyar da na sa aka yi masa.

Taubashina ya tafi ana saura kwana uku arba'in ta cika. Babana ya ɗinka masa riga da wando fari, mahaifiyarsa ta cika masa akwatin ƙarfe da ƙuli-ƙuli da yaji. A tashar Bodinga ya hau mota, ni na ɗora masa akwatin a sama. Ran kwana na uku ya dawo da akwatin, ko buɗe shi bai yi ba.

A gida abin da ya faɗa kaɗan ne. Ya ce sun ce an cike. Kawu bai tambayi dalili ba, don ya riga ya san dalilinsa. 'Yan siyasa ne, in ji shi, an ba ɗan wani babba gurbin ɗan talaka. Ya yi ta faɗar haka a masallaci da kasuwa, mutane na taya shi tsaki. Ni ma da aka faɗa a gabana na girgiza kai na ce Allah ya isa.

Sai da muka keɓe, muna tafiya fadama mu biyu, ya gaya mini sauran. Ya ce akawun makarantar ya nuna masa kalmar da bakin biro, ya tambaye shi ko bai iya karatu ba. Ya ce sun jira waɗanda suka makara, waɗanda suka zo cikin sati na uku duk an karɓe su, daga nan aka rufe. Ya faɗi wannan ne yana kallon hanya, babu zafi a muryarsa. Bai ce na gaya maka ba. Bai san cewa cikin satin nan na uku na zo na sha fura a gonarsu da gaskiyar a bakina ba. Na ce masa, "Kai, abin bai yi daɗi ba." Iyakar abin da na ce ke nan.

Ya ce ba komai, baɗi zai sake nema. Baɗin ce ba ta zo yadda aka zata ba. Rediyo ya fara maganar tsuke bakin aljihu, sabulu da madara suka ɓace daga kanti, 'yan Ganan gidanmu suka ɗaure kayansu suka tafi. Aka ce makarantar ba za ta ɗauki sababbin ɗalibai ba sai abin da hali ya yi. Taubashina ya je ya tambaya sau biyu, ya dawo.

Da kawu ya ji haka sai ya aiko a kira ni. Ya ce shi ba zai yi shiru ba, takardar kuka za a rubuta wa shugaban makarantar, da Turanci mai zafi, a gaya masa an zalunci ɗansa an ba ɗan babban mutum wurinsa, kuma a mayar masa da haƙƙinsa. Ya sa an sayo takarda mai layi da ambulan daga kasuwar Shagari. Ya ce mu je inuwar rumfar da yake ajiye albasa, inda yara ba za su dame mu ba, wancan ya riƙe mini abin dannewa.

Muka zauna, warin albasa ya cika wurin. Na ɗora takarda bisa murfin kwano, na rubuta gaisuwar farko. Na rubuta ina fata yana lafiya, shi da iyalinsa. Daga nan biro ya tsaya. Duk Turancin da ke bakina na musun ƙwallo ne da cinikin nama da zolaya. Yadda ake roƙon babban mutum a takarda, yadda ake jera magana ta tsaya da ƙafarta ba tare da murya ko hannu ba, ban sani ba. Na soke layi, na sake, na soke. Na ce biron ne ba ya ja. Na lalata takarda biyu, saura ɗaya.

Taubashina ya miƙo hannu. Na ba shi biron da takardar.

Na zauna ina kallonsa yana rubutu. Ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa. Mutumin da kalma ke maƙale wa a baki, a takarda ko sau ɗaya ba ta maƙale ba. Ya cika shafin, ya bar wurin sa hannu, ya hura tawadar, ya miƙo mini.

"Kai za ka karanta ma Baba. In ya san rubutuna na ba shi yarda."

In faɗa tun yanzu, takardar ba ta yi komai ba. Amsa ba ta zo ba, soja suka karɓi mulki, maganar ta bi ruwa. Taubashina albasa yake nomawa har yau a Mandera, kuma in ganye ya fara ƙuna shi maƙwabta ke kira ya duba. Ni kuwa na koma karatu daga baya, da girmana, na zauna na koyi Turancin takarda kalma-kalma, har na yi ritaya ina malamin Turanci. Ban taɓa gaya masa maganar ran Asabar ɗin nan ba. Wannan da nake rubutawa shi ne karo na farko da ta fita daga cikina.

A ranar dai, muka koma ƙofar gida. Kawu ya tara dattawansa, ya ce in tashi tsaye in karanta yadda shugaban makarantar zai ji ta. Na tashi. Sai a lokacin na san abin da ke cikinta, don ban duba ba kafin mu taso. Babu ɗan babban mutum a ciki, babu zalunci. Ya rubuta cewa takardar ɗaukarsa ta iso shi a kan lokaci. Ya rubuta cewa shi ne bai fahimci kalma guda a cikinta ba, cewa kuskuren nasa ne shi kaɗai, babu hannun kowa, kuma yana roƙon a yafe masa jahilcinsa a sake ba shi dama. Da bakina na karanta wannan, da ƙarfi, dattawa na gyaɗa kai saboda daɗin sautin.

Da na kai ƙarshe kawu ya ce, "Ka dai sa musu maganar ɗan babban mutum?"

Na mayar da ido kan takardar. Taubashina ne ya amsa daga inda yake durƙushe.

"Ya sa, Baba."

Kawu ya karɓi takardar ya juya ta, yana duban rubutun da ba ya iya karantawa. Ya ce ku dubi hannu don Allah, kamar na inji. Sannan ya juya wajen ɗansa, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ce da ka yi karatu irin na ɗan'uwanka da ba a raina mu ba. Ya kamo hannuna ya riƙe cikin nasa biyu, ya ce Allah shi yi maka albarka, yadda ka tsaya wa wancan Allah shi ba ka mai tsaya maka.

Dattawa suka shafa. Taubashina ya shafa. Ni ma na ɗaga hannu na ce amin.